Altarnatar na MGB ba ya riƙe kaya da dare, wanne zan sa a madadinsa?

MaiMG_Yantala

Assalamu alaikum, masana kuran na mota. Ina neman shawara kan motata MGB ta 1972, inji 1800, mas negatif, batir biyu masu volt 6 a bayan kujeru kamar yadda ta fito daga Ingila. Altarnatar ɗin Lucas 16ACR ne mai ampar 34, fulogin bayansa mai rami uku. Abin da aka ƙara mata: fanka ta kuran a gaban radiyatar, ƙwan H4 a manyan fitilu, fitilun dogon zango biyu masu wat 55 saboda dabbobi a hanyar Dosso, sai rediyo. A kan hanya da rana ina samun volt 14 a batir. Amma da dare a cunkoson gadar Kennedy, da zarar fanka ta tashi mita ta sauka 12.1, fitilu su yi ja, sigina ta yi nauyi. Wasu sun ce in sa mai ampar 100 ko 120 in huta. Zai zauna a wurin? Wayoyin asali za su ɗauka?

MaiKuran_Tahoua

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sayi komai yi lissafin abin da motar ke ci. Ka raba wat da 13.5, ampar ya fito. H4 biyu a far, wato babban haske, wat 120 ne, wajen ampar 9. Dogon zango biyu, 8. Ƙananan fitilun gaba da baya da na lamba da na tablo, 3. Bobin da famfon isansi, 4. Fanka 10 in tana juyawa, kuma lokacin tashinta tana fizgar ninkin haka na ɗan daƙiƙa. Rediyo 3, fitilun birki 3. Duka 40 ke nan. A cunkoso dogon zango a kashe suke, kana kan kod, wato ƙaramin haske, to kana wajen 31.

Za ka ce ai 31 bai kai 34 ba. Nan mutane ke ruɗewa. Ampar 34 ɗin da anka rubuta, sai altarnatar na juyi 6,000 a minti yake ba da shi. Puli ɗin inji ya kusa ninka na altarnatar biyu, don haka a ralanti, wato mota na tsaye inji na juyi 800, juyinsa bai wuce 1,600 ba, kuma a wurin da wuya ya ba ka rabin lambarsa. Ga zafi. In tagullar naɗin ta gasu ƙarfinta na raguwa, kuma motar da ke tsaye a Yamai cikin watan Afrilu, ƙarƙashin bonet ɗinta ba sai an faɗa ba. Ragowar batir ke biya, shi ne 12.1 ɗin da kake gani.

Abin da za ka nema shi ne wanda ke ba da ampar 30 zuwa 35 a ralanti, ba wanda lambarsa ta fi girma ba. Lucas A127 mai ampar 65 ko 70 ya ishe ka, kuma shi ne mafi sauƙin ɗorawa don kunnuwansa kusan ɗaya suke da na ACR. Akwai na dama akwai na hagu. In ka samu wanda kunnen ɗaurin bel ɗinsa ya kalli wani wuri, kwance dogayen noti uku da sunka ratsa jikinsa, ka juya murfin gaba zuwa rami na gaba, ka mayar. Kada ka zare rotor ɗin, wato abin da ke juyawa a cikinsa, waje lokacin juyawar, in ba haka ba sharbon su faɗo su karye wajen mayarwa.

Mai ampar 120 ba na ba ka shawararsa. Motar ba za ta ci abin da ya wuce 40 ba sai ɗan abin da batir ke sha, kuma bel ɗaya siriri ba ya jan wanga nauyi ba tare da zamewa ba.

Bakanike_Wadata

Maganar Malam haka take, amma ni waya ce damuwata. Mutum ya sa sabon altarnatar ya bar tsohuwar waya, rijiya ta bayar guga ya hana.

A motocin Ingila na wancan zamani launin waya ba ya ƙarya. Ruwan ƙasa zalla tana da wuta kullum kuma ba fuzibil a kanta. Ruwan ƙasa mai zanen ɗorawa ita ce ta jar fitilar caji. Baƙa mas ce. Wutar caji na fita daga altarnatar ta wayar ruwan ƙasa zuwa babban notin solenoyid na demarer, daga nan ta bi doguwar waya mai kauri zuwa batir a baya. Sa'ar da aka yi, altarnatar da demarer duk gefen dama na inji suke, tazarar ba ta da yawa.

Ga lissafi. Tagulla mai kaurin milimita murabba'i 4, tsawon mita ɗaya da rabi, in ampar 65 ya bi ta, ana asarar volt 0.43, kuma wajen wat 28 ke zama zafi a cikin robar da ta haura shekara 50. Da mai 10, asarar 0.17 ce kawai. Saboda haka ka ja sabuwar waya mai 10, in ka samu mai 16 ma ya fi, daga B+, wato wurin fitar caji a bayan altarnatar, kai tsaye zuwa notin solenoyid. Ka sa mata fuzibil mai ampar 80 ko 100, irin mai ɗauri da noti, kusa da solenoyid ɗin. Dalilin sa shi can: in wayar ta goge ta taɓa jiki, batir ne zai zubo ɗaruruwan ampar, ba altarnatar ba, don haka ɓangaren batir ake tsarewa.

Wani abin da ake mantawa, in ka bar tsohuwar wayar a haɗe kusa da sabuwa, ranar da fuzibil ya tsinke duk cajin zai koma kan tsohuwar ba ka sani ba. Ko dai ka cire ta daga altarnatar ka rufe bakinta da kyau, ko ita ma ta bi ta fuzibil ɗin. Duba tukuna ko ba wani abu da ke shan wuta daga wannan reshen.

Fulogin mai rami uku kuma, kos ɗinsa na turawa ne, faɗin milimita 9.5. Ɗaya tilo ba zai ɗauki ampar 65 ba, zai yi zafi, ya saki, roba ta narke. In A127 ɗinka yana da noti na B+ a baya, shi za ka yi aiki da shi. In fulogi kaɗai gare shi, ka cika manyan ramukan biyu da waya mai kauri kowanne. A wasu shekarun waya ta biyu ruwan ƙasa siririya ce, aikinta jin volt ɗin batir ne kawai, kar a ɗora mata kaya.

Wajen sayen waya ka kankare silin da wuƙa. In ciki ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, ka ajiye musu. Kos kuma a matse shi da abin matsewa na gaske, ba a buga da guduma a kan dutse ba.

Sai mas. Duk abin da ya fita ta B+ sai ya dawo ta jikin inji. Igiyar ƙarfen da ta haɗa inji da jikin mota in ta ci tsatsa, wuta za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta shok, har ka ji sun yi zafi. Ƙara sabuwa mai 16 ko 25, ka goge fenti har ƙarfe ya yi haske, ka shafa giris bayan ɗauri. Haka wurin da batir ya kama jiki a baya, da gajeruwar wayar da ta haɗa batir biyun. Kan batir huɗu gare ka, kowanne wurin asara ne.

MaiMG_Yantala

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Tambaya biyu. A127 ba kullum ake samunsa a nan ba, na Toyota da na Peugeot kuwa ga su ko'ina. Za su yi? Na biyu, fitilun tablo duk LED ne yanzu har da ta caji, kuma in an tada mota caji ba ya kamawa sai an taka totur sosai. Ko yana da alaƙa?

Injiniya_Harobanda

Yana da alaƙa kai tsaye, yaya. Wannan jar fitilar ba ado ba ce. In ka buɗe kontak, wuta ta cikinta take bi ta shiga rotor ta ba shi maganaɗisun farko. Ƙwan asali wat 2.2 ne, yana barin wajen ampar 0.2 ya wuce. LED ba ya barin ko kashi ɗaya cikin goma na haka, shi ya sa sai injin ya yi gudu altarnatar ke tada kansa da ɗan maganaɗisun da ya rage a ƙarfe. Mayar da ƙwan asali. In dole sai LED, haɗa rezistans mai om 68, wat 5, a gefensa, ƙafa da ƙafa. Yi wannan ka sake awo kafin ka kashe kuɗi, don ka san ainihin abin da tsohon ke iyawa.

Na Peugeot da Renault na da, wato Valeo ko Bosch, haɗinsu iri ɗaya ne da Lucas: B+ babbar waya, D+ ko L ta fitila. In ka ga W, na mitar juyin injin gazuwal ne, bar shi. Denso na Toyota ƙarami ne kuma yana caji da kyau a ralanti, amma fuloginsa ya bambanta: L zuwa wayar fitila, IG zuwa farar wayar kontak ta ƙaramin fuzibil, S zuwa notin solenoyid. Shi daga IG yake samun wutar tashi, don haka LED ba ya damunsa. Ka guji na motocin baya-bayan nan da kwamfutar inji ke ba su umarni. Ba tare da ita ba wasu caji kaɗan suke yi, wasu ba sa yi sam.

Wahalar ba a waya take ba, a ƙarfe take. Dole mai walda ya yi maka mazauni, kuma puli ɗinsu yawanci mai layi-layi ne, sai an canza da na bel mai siffar V wanda raminsa ya dace da sandar. Ka ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar puli ɗin inji da na famfon ruwa da na altarnatar, su zo layi ɗaya. Karkacewar milimita biyu ta isa ta riƙa cin bel, za ka ga baƙar ƙura a gaban inji. Mazaunin ya kama kunnen gaba da na baya duka. In na gaba kaɗai ya kama, girgiza za ta tsaga shi.

In kana son ƙarin caji a ralanti, ƙaramin puli na taimakawa. Misali na inji milimita 130, na altarnatar 65, ninki 2 ke nan. In ka koma 58 ya zama 2.2. Sai ka ninka da 6,000, inda jan layin MGB yake, ka tabbata bai haura iyakar da masu ƙera altarnatar ɗin suka sa ba. Kuma ƙaramin puli ya fi saurin zamewa.

MaiKuran_Tahoua

Ƙanena ya yi bayani, sai dai ni ba zan fara da ƙaramin puli ba. Ampar 65 a volt 14 wat 910 ne, kuma altarnatar kusan rabin ƙarfin da yake karɓa yake mayarwa kuran, wato yana jan fiye da doki biyu daga bel ɗin da shi ne kuma ke juya famfon ruwa. In ya fara kuka mutane sai su ɗaure shi tamau, rulman famfon ruwa ya tafi, a ƙasar da inji bai da haƙurin rashin ruwa ko na minti biyar. Danna tsakiyar dogon gefen da yatsa, ya lotsa kamar milimita 12. Sabon bel yana saki, a sake dubawa bayan tafiyar farko.

Sannan Alhaji, sabon altarnatar kaɗai ba zai haska fitilunka yadda kake so ba. A tsarin asali wutar manyan fitilu ta cikin makunnin tablo da sandar kod da far take bi, ba rele. Sa rele biyu masu ampar 30 kusa da fitilun: shuɗiya mai zanen ja ta kod ce, shuɗiya mai zanen fari ta far, kowacce ta shiga ƙafa 86 ta relenta, 85 mas, 30 daga solenoyid ta fuzibil mai 15 ko 20, 87 zuwa ƙwai. Fanka da dogon zango kowanne nasa rele da nasa fuzibil. Kada ka rataya su a akwatin fuzibil na asali. Fuzibil na kwalba na Lucas da anka rubuta wa 35, ampar 17 suke ɗauka a kai a kai, 35 inda suke tsinkewa ne. Wanda ya musanya su da 35 na zamani ya ninka abin da wayar za ta sha kafin a cece ta.

In an gama ɗauri, ga awo. Mota a kashe bayan ta huta, batir 12.6. A tashe ba kaya, tsakanin 13.8 da 14.4. Kunna kod da fanka da rediyo a ralanti, inji da zafinsa, kada ya sauka ƙasa da 13. Sai ka kai inji 2,000 da duk kaya a kunne, ka sa mita tsakanin B+ da kan batir mai alamar tarawa: kada ya wuce 0.4. Tsakanin jikin altarnatar da kan batir na mas kuma, 0.2. Za ka buƙaci doguwar waya don batir na baya. In ya haura, bi haɗi ɗaya-ɗaya da mitar har ka kama wanda ke ci. In ka ga 15 ko sama, regilatar mai daidaita volt ne ko wayar S ba ta zauna ba, kashe mota, don a zafin nan ruwan batir zai ƙone cikin ƴan kwanaki.

Gwajin nan da ake yi a bakin hanya, a cire kan batir inji na aiki a ga ko zai mutu, kada ka bari a yi maka shi. Batir ke shanye tsallen volt. In an cire shi diyod da regilatar ke karɓa, har da rediyonka. Haka in za a yi walda a jikin motar, a cire mas na batir da wayoyin altarnatar tukuna.

Bakanike_Wadata

Ƙari ɗaya kan wanda za a saya na hannu. Juya puli da hannu ka saurari rulma, kar ka ji ƙara ko wasa. Cire regilatar ka ga tsawon sharbon da zoben da suke gogawa, in zoben ya yi kwari mai zurfi a bar shi. Sa mita a AC a kan batir bayan an ɗora: in ta nuna sama da rabin volt, akwai diyod da ta mutu, kuma irin wannan yakan sha batir cikin dare mota na ajiye. Bayan hunturu a busa shi da iska ta baya, ƙurar da ta haɗu da man da ke ɗiga daga inji ita ke toshe masa hanyar shan iska.