Rabon masara kafin Kirsimeti: membobi kaɗai, ko har da maƙwabta?

Magatakarda: Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni ne magatakardan kwamitin jinƙai na wata ƙaramar majami'a a bayan garin Zariya. Daga baikon godiya na bana an ware mana naira 450,000, kuma dattawa sun riga sun yanke cewa masara za a saya, ba shinkafa ba, ba kuma kuɗi za a damƙa wa mutane ba. A kasuwar Giwa an yi mini buhu naira 45,000, saboda haka idan aka cire kuɗin mota da na dako, buhu 9 za mu samu. Gidaje 40 ne a takardata, 29 membobinmu, 11 kuwa maƙwabta ne, wasu Musulmi, wasu mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Idan aka raba wa kowa, gida zai sami tiya 9, idan kuwa membobi kaɗai ne, zai kai 12 da ɗoriya. Ranar Lahadi zan kai wa dattawa shawara, ina roƙon wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan matsayi ya gaya mini abin da ya yi da abin da ya biyo baya.

Maman Tagwaye: Ɗan'uwa, ku sayi shinkafa ko da 'yar gida ce, domin a ranar Kirsimeti yara shinkafa suke sa rai, ba tuwo ba. Mu haka muka yi a Kafanchan a bara, kowace uwa ta tafi gida da murna.

Dattijo daga Saminaka: An tsawwala maka, ɗana. Makon jiya na sayi buhu a nan naira 33,000, busasshiya, wadda idan ka ciza za ka ji ta ce ƙas. Ka zo nan ka saya, za ka ƙara buhu 3 ko 4, kowa ya samu, magana ta ƙare.

Ɗan Kasuwa: Baba, da girmamawa, wannan farashin sabuwar masara ne wadda ba ta gama shan rana ba. Ni ma an yaudare ni da irinsa, bayan mako uku na kwance buhu na tarar ƙasan ya yi fumfuna. Tsohuwa mai kyau ba ta gaza 50,000 ba a inda nake saye, kuma ba a lissafa la'adar dillali da kuɗin lodi ba tukuna.

Gwauruwa Mai Haƙuri: Ku gafarce ni, ni ba farashi ne ya dame ni ba, yadda ake bayarwa ne. Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, ya bar ni da yara biyar. A shekarar farko an kira sunana a tsakiyar sujada, aka ce gwauraye su fito gaba. Muka jeru mu bakwai a gaban bagade, aka ɗora wa kowace leda a hannu, aka ce mu ɗaga ta sama sosai domin hoto ya fito. Na tuna zanin Zumuntar Mata ne a jikina, ina ƙoƙarin ɓoye bakinsa da ya yage. Da yamma hoton ya hau Facebook, washegari kuma 'yata babba ta dawo daga makaranta tana kuka, domin ƙawayenta sun ce sun ga uwarta tana bara. Tuwon masarar nan mun ci shi, tunda yunwa ba ta san kunya ba, amma yarinyar ta yi wata huɗu ba ta taka majami'a ba. Da shekara ta zagayo sai na ji an cire sunana, wai ba na zuwa addu'ar tsakiyar mako, alhali a lokacin nan nake tuyar ƙosai a bakin titi domin kuɗin makarantarsu. Ban bar Ubangiji ba, shi ne ya riƙe ni, amma na daɗe ina tambayarsa ko ikilisiyarsa ta san bambancin taimako da tozarci.

Malamar Lahadi: Mama, hawaye na nake sharewa. Ubangiji Yesu ya faɗa a Matiyu sura 6 cewa kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi wajen ba da sadaka, ban san yadda muka mayar da wannan aya hoto ba. Yaya yarinyar take yanzu?

Gwauruwa Mai Haƙuri: Ta koma, tana cikin mawaƙa, sai dai duk ranar da aka ce za a yi rabo, a gida take zama.

Ɗan Mawaƙa: Shugaban mawaƙanmu ya ce a tambayi Magatakarda, tunda gwauraye ake rubutawa, shi ma gwauro ne, ya kai 35 bai yi aure ba, ko za a buɗe masa gida na 41?

Dattijo daga Saminaka: Yaro, ana maganar hawayen uwa, ka ajiye wasa. Ni shekara 22 ina cikin dattawa, kuma ina faɗa muku hoton nan ba don nishaɗi ake ɗauka ba. Waɗanda suka ba da kuɗi suna neman shaida, idan babu ita sai a ce dattawa sun cinye. Wanda bai taɓa riƙe tiya a wurin rabo ba, ya yi a hankali da hukunci. Manzo Bulus kuma ya ce a Galatiyawa 6:10 a yi wa kowa alheri, musamman iyalin bangaskiya, saboda haka na gida ne farko.

Maman Tagwaye: Baba, shekarunka abin girmamawa ne, amma mu mata ne muke shiga madafa, mu ne muka san gidan da ba a hura wuta ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon yau da kullum, manzanni ba su kare kansu ba, mutum bakwai aka zaɓa domin a gyara. A ɗauki hoton buhuna da rasit, ya isa shaida.

Ɗan Mubi: Ayar da Baba ya kawo da "kowa" ta fara. A ƙarshen Oktoba 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, mun kwana biyu muna tafiya a ƙasa, wani dattijo Musulmi ne ya auna mana gero a ƙauyensu, bai tambayi sunan cocinmu ba. Har yau ina sa shi a addu'a. Ni da zan bar gida 11 ɗin nan, gara tawa tiyar ta ragu.

Malamar Lahadi: Tunda an taɓo takardar sunaye, akwai wasu da suka zo unguwarmu sau biyu da sunan wata ƙungiyar agaji, suka rubuta sunayen gwauraye da lambobin waya, har da karɓar naira 500 na fom. Wata takwas ke nan, ko mudu ɗaya ba mu gani ba.

Ɗan Kasuwa: Mu 1,000 suka karɓa, suka kuma ɗauki hoton katin zaɓen mahaifiyata. Wa yake ba su izinin tsayawa a gaban jama'a bayan sujada?

Magatakarda: Na gode muku duka, kuma Mama, na ɗauki alkawari ba za a kira sunan kowa a gaba ba, da dare za mu kai gida gida tare da Zumuntar Mata. Amma har yanzu ina jiran wanda ya taɓa sa maƙwabta a rabo ya gaya mini yadda membobinsa suka karɓi ragin.

Gwauruwa Mai Haƙuri: Malama, masu fom ɗin nan, ba mace ɗaya da maza biyu ba ne, a farar mota? Idan su ne, sun zo mana mu ma a watan Maris, takardar da suka ba ni tana nan cikin Littafi Mai Tsarki na.