Ampli (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai intanet a ciki, ko tsohon ampli da ƙaramin akwati a gefe?

Mai gyara na Katako (kasuwa a Yamai): Jama'a, ga magana na ajiye, wanda bai yarda ba ya fito fili. Mutumin da ke zaune a Yamai, yana son jin kiɗa tsaf a falonsa, in ya zuba kuɗinsa a sabon ampli mai rediyo da Wi-Fi duk a ciki, irin su Yamaha R-N ko Denon DRA-800H, asara ya yi. Abin da ya fi masa shi ne tsohon ampli na Turai mai lafiya, sai ƙaramin akwatin jan waƙa ta intanet kamar WiiM Mini, a haɗa su da waya mai ƙaramin kai a gefe guda, RCA a ɗayan, a sa a ramin AUX ko na CD. Kayan cikin tsohon ampli, wato taransifoma da taransisto da kwandansato (masu ajiye wuta), ana gyara su a kan tebur ko bayan shekara 30. Ɓangaren intanet na cikin sabon amplin kuwa in ya ƙone sai dai a canza shi ɗungurungum, kuma ba a kasuwarmu yake ba. Ko bai ƙone ba, zamani na wuce shi. Google ya daina yin nasa ƙaramin akwatin, Chromecast Audio, a 2019. Wanda nasa a gefe yake, ran da ya gaji sai ya zare ya sa wani, amplinsa na nan daram.

Injiniya: Malam, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma kana kare sana'a. Tsohon amplin nan da kake yabo, a sanyin Turai ya yi rayuwarsa. Kwandansaton da ke cikinsa yawanci masu jure zafin digiri 85 ne, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage musu rabin kwana. Ka kawo shi Yamai a watan Afrilu, waje ya haura digiri 40, ga shi ajin AB ne, wanda kusan rabin wutar da yake ja zafi take zama. Sai ka fara jin gurnani a lasifika, ƙasan sauti ya yi laushi, gefe guda ya riƙa ɗaukewa. In an ce a saya, to a lissafa da kuɗin canza kwandansato zuwa masu digiri 105, da wanke makunnin murya, da duba rele, makunnin da ke kare lasifika. Sannan abin da ka tsallake: sabon amplin ma yana da ramukan RCA da na optik. Ran da intanet ɗinsa ya tsufa, wancan akwatin naka za a liƙa masa. Ina asarar?

Mai gyara na Katako: Asarar na nan, Injiniya. A yawancin sababbin, zaɓen rami da ƙara murya duk ta hannun ƙwaƙwalwar na'urar suke bi. In ita ta samu matsala, ba intanet kaɗai ke tafiya ba, jan fitila ce za ta yi ta ƙiftawa, ampli ya ƙi tashi, alhali ɓangaren ƙarfinsa lafiya lau. A tsohon, makunni ne na hannu, ka juya ya juyu.

Hajiya mai sutudiyo: Ku biyun kun kama ampli kun bar lasifika, alhali nan ne kunne ya fi jin bambanci. Mai saye ya fara zaɓen lasifika, ya karanta lambobi biyu a bayansu: om nawa, wato nauyin da suke ɗora wa ampli, da dB nawa, wato ƙarfin ƙara, suke bayarwa a watt 1. Mai dB 88 a nisan mita 1, in ka ba shi watt 10 ya kai 98, wanda a falo ya isa maƙwabta su aiko yaro. Daga watt 50 zuwa 100 dB 3 kacal ake ƙarawa. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ninka watt sau 10. Don haka 40 zuwa 60 na gaskiya a kowane gefe sun wadatar. Na gaskiya shi ne wanda aka rubuta a om 8, daga 20 Hz zuwa 20 kHz, gefe biyu suna aiki tare. Dubban watt ɗin da ake mannawa a kwali da sunan PMPO kuwa ado ne.

Wani abu da ke kashe ampli, sabo ko tsoho: maɓallin A+B, mai kunna lasifika biyu tare a kowane gefe. Lasifika masu om 8 biyu a gefe guda sun koma om 4, masu om 4 biyu sun koma 2, kuma yawancin ampli na gida ba sa ɗaukar 2. Haka ƙaramin ampli in aka murɗe shi har ƙarshe, sautin ya kan yanke a sama, tiwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, ce ke fara ƙonewa.

Ɗan Tawa: Hajiya ta yi magana. Ni tambayata ga Injiniya, wane intanet za a ba na'urar? MP3 mai kilobit 320 a daƙiƙa yana cin mega 144 a awa. Ingancin CD, ko an matse shi da FLAC, tsarin da ba ya zubar da sauti, wajen mega 300 zuwa 400. Mai ingancin da ya fi na CD, wato 24/192, da ake tallar waɗannan injuna da shi kan wuce giga 2 a awa. Mai sayen fas na data a wayarsa, wa zai ba shi wannan? Ƙarshenta Bluetooth zai koma, shi kuwa tsarinsa na SBC yana zubar da wani ɓangaren sautin, ko LDAC da ya fi shi iyakarsa kilobit 990 ne a daƙiƙa, CD kuwa 1411. Kenan ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ji ba.

Injiniya: Yaya, wannan hujjar tawa ce, ba ta Malam ba. Wanda data ke yi wa tsada ya sauke waƙoƙinsa FLAC sau ɗaya, ya zuba a kile USB. DRA-800H yana da ramin USB a gaba, WiiM Mini ba ya karanta kile. Ga HDMI na talabijin, ga rimot guda da uwargida da yara za su iya riƙewa. Akwati biyu, wayar wuta biyu, manhaja a wayar maigida kaɗai, in ya fita gidan ya yi tsit.

Ɗan Tawa: Wannan na karɓa. Amma ku tuna mu masu sola. Ampli mai babban taransifoma ba ya shiri da injin juya wutar batir mai arha, wanda igiyar wutarsa ba ta fita sumul: zai yi ta ƙugi yana zafi. Ko a samu mai tsaftatacciyar wuta, ko a nemi ampli ajin D, da ke mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wuta zuwa sauti.

Mai gyara na Katako: To tunda an zo kan wuta, ga abin da za a duba kafin a miƙa kuɗi, ko wanne aka zaɓa. A juya bayansa. Wutarmu 220 ce, 50 Hz. In an rubuta 120 na Amurka ne, 100 na Japan, soka shi kai tsaye hayaƙi ne. Ko an sa masa taransifoma, rediyon na Amurka sau da yawa tsallen 0.2 yake yi, 88.1, 88.3, ya tsallake tashar da ta ƙare da lamba mai cika, kamar 88.2. A kunna shi ba lasifika, murya a ƙasa, a jira rele ya ce ƙas bayan ƴan daƙiƙu, a sa maltimita a ramin lasifika a ma'aunin DC. Ƙasa da milivolt 50 lafiya, in ya haura 100 a bar shi ko a rage kuɗi. A juya makunnin murya a hankali, in yana ƙaraf-ƙaraf ƙura ce ta shiga. A bar shi ya yi rabin awa yana kiɗa, a taɓa murfin, gefe guda bai kamata ya fi ɗayan zafi sosai ba.

Hajiya mai sutudiyo: A ƙara da regilatar mai jinkirin tashi, don wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce mugunyar. Mai VA 1000 ya ishi ampli na falo. Wayar lasifika jan ƙarfe zalla, mai kaurin 1.5 mm² in tsawon bai wuce mita 5 ba, 2.5 in ya fi haka, ba alminiyon da aka shafa wa ja ba. A bar wa amplin tazarar tafin hannu a sama, kada a ɗora dikoda a kan ramukan iska, lokacin hunturu a rufe shi da zane in an kashe.

Injiniya: Da damina kuma in hadari ya taso, ba wayar wuta kaɗai za a zare ba, har ta eriya da ta intanet, don tsawa ta nan ma take shiga. A nan kam Malam ya fi ni hujja: in ta bi ta wayar intanet, ƙaramin akwati ya fi sauƙin hasara a kan ampli sukutum. Wanda ya zaɓi mai komai a ciki ya haɗa shi ta Wi-Fi, ya bar ramin wayar a buɗe.

Ɗan Tawa: Malam, in mutum ya kawo tsohon, canza kwandansaton duka za a yi ko manyan biyun nan kaɗai?

Mai gyara na Katako: Ƙananan da ke kusa da ƙarfen sanyaya su ake fara cirewa, su suka fi shan zafi. Manyan biyun a auna su tukuna, in ba su kumbura ba kuma awonsu bai faɗi ba a bar su.