Koya wa shuga gilaida tsalle da shawagi zuwa jikin mai ita: abin da masu kiwo suka gani

Sabon mai kiwo, Kwala Lamfur:
Assalamu alaikum jama'a. Shuga gilaida biyu ne a hannuna, wato ƙaramar dabbar nan mai shawagi daga bishiya zuwa bishiya, wadda uwa ke renon 'ya'yanta a jakar ciki, duka mata, wata huɗu da fitowa daga jakar uwa, sati uku a gidana. Suna karɓar abinci daga yatsana, amma da na buɗe keji sai labule ko saman kwaba. Ina so su riƙa tsalle suna sauka a jikina idan na kira. Don Allah waɗanda suka yi wannan horo, daga ina ake farawa, kuma me ke ɓata aikin?

Tsohon mai kiwo, Hustan:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a sati uku ai ko gaisuwa ba ku gama ba. Shawagi ba kai za ka koya mata ba, da shi aka halicce ta. Abin da za ka koya mata shi ne kai ne bishiyar da ta fi aminci a ɗakin, kuma ta hanci take fara yarda da haka. Yanki ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, ka sa shi cikin rigarka ka kwana da shi dare biyu, sannan ka saka a jakar barcinsu. Da rana suna barci, ka ɗauke su cikin jaka mai zif, ka rataya ta a ƙirji ƙarƙashin riga awa biyu zuwa uku. Da dare ka shiga ƙaramin tanti mai zif tare da su, ka zauna minti talatin zuwa awa ɗaya, kada ka kama kowa, bar su su yi ta hawa kanka.

Alamar an kai lokacin horo guda uku ce. Ta daina wannan ƙarar tsoro mai kama da ƙaramin injin niƙa idan ka sa hannu a jaka. Tana hawa hannunka da kanta. Ta ukun ita ce babba: idan wani abu ya firgita ta, wurinka take gudowa, ba bayan kujera ba. Idan babu ta ukun, duk tsallen da za ta yi na kwaɗayi ne, tana karɓar tsutsa za ta koma labule.

Mai ɗinkin jakunkunan barci:
Malam ya faɗi tushe, bari in ɗora da matakan. Ka ajiye ta a saman keji ko kan kantar ajiye kaya, ka manna bayan hannunka da bakin wurin, ladar, wato ɗan abin ci da take so, tana ɗaya hannun a kan damtse, yadda sai ta tako hannun kafin ta samu. Daidai lokacin da take takowa ka furta kira ɗaya, gajere, kamar “zo” ko tsotsar leɓe sau biyu, kuma kada ka canza shi har abada. Dare uku haka. Daga nan ka bar tazarar yatsu uku, wadda za ta miƙe jiki ta kamo. Sai santimita 10, 15, 30, har rabin mita. Tsalle biyar a zama ɗaya ya isa, minti goma ke nan. Ba a ƙara tazara sai ta ci huɗu cikin biyar dare uku a jere. Idan ta tsaya tana dube-dube ta juya baya, ka yi saurin ƙari ne, koma tazarar jiya.

Lada ta shiga bakinta cikin daƙiƙa biyu da sauka. Wanda ya tsaya buɗe roba bayan ta sauka ya koya mata jira ne, ba tsalle ba.

Ɗalibin ilimin dabbobi, Birisben:
Akwai abin da ke kayar da mutane da yawa bayan an wuce rabin mita, shi ne tsawo. Wannan dabba ba tashi take yi kamar jemage ba, gangarowa take yi a iska. Fatar da take buɗewa ta taso daga ƙaramin yatsan hannu har zuwa babban yatsan ƙafa, kowane gefe. A dazukan Ostireliya da Niyu Gini tana iya cin mita 50 a shawagi ɗaya, amma daga ƙololuwar bishiya take sakin jiki. A ƙiyasi, duk mita ɗaya da ta gangaro tana cin ƙasa da mita biyu gaba. To lissafa: saman kwaba mita 2, kafaɗarka kana tsaye kusan mita 1.4, bambancin santimita 60 ne kacal, wanda da ƙyar zai kai ta mita ɗaya. Ka tsaya a mita biyu kana ta kira, ita kuwa ta riga ta auna ta ga ba za ta kai ba. Durƙusa ko ka zauna a ƙasa, ƙirjinka ya dawo kamar santimita 70, sai ka ga ta buɗe fata sosai ta taho.

Lura da kanta kafin ta saki wuri. Za ta noƙe, ta riƙa kaɗa kai sama da ƙasa ko gefe da gefe, idanu a kanka. Auna nisa take yi. Daga wannan lokacin ka ƙame kamar gunki. Taku ɗaya baya, ko miƙa hannu don ka cafe ta, ya isa ta faɗi ƙasa, kuma faɗuwa ɗaya tana iya mayar da aikin sati biyu baya. Sannan a jikin gangar bishiya ta saba sauka, tsaye, kai sama, ƙafafu huɗu a tare. Shi ya sa ƙirji da baya da damtsen da aka tsayar suka fi mata tafin hannu a shimfiɗe.

Sabon mai kiwo, Kwala Lamfur:
Na gode ƙwarai. Wani mai sayar da su ya ce a jinkirta abincin dare har sai yunwa ta kama su, a nan suke saurin koyo. Kuma na ga wasu suna ɗan wurga su sama don su buɗe fata. Yaya kuke gani?

Likitar dabbobi:
Duka biyun kada ka yi. Dabbar da nauyinta bai wuce giram 90 zuwa 150 ba, ba ta da ajiyar da za ta jure yunwa. Ka yi horon a awar farko bayan sun farka, kafin a sa abinci, sannan abincin ya zo a lokacinsa ko an yi nasara ko ba a yi ba. Wurgawa kuwa tana sa ta buɗe fata don tsoro, ta sauka inda ba ta auna ba, ga karaya, ga ƙin hannunka daga baya.

Lada: tsutsar dusa, a raba biyu don ta yi auki, kada ta wuce huɗu ko biyar a dare ga kowace ɗaya. Tana da maiƙo da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Abincinsu gaba ɗaya ana so kalsiyam ya ninka fosfaras, biyu bisa ɗaya. Idan aka rasa wannan, ƙashi yana laushi, ƙafafun baya su raunana, kuma alamar farko sau da yawa ita ce dabbar da ta saba tsalle ta daina, ko ta sauka ƙafafun baya ba su riƙe ba. Wannan ba taurin kai ba ne, a kai ta asibiti a ranar. Lasar zuma a kan yatsa ma lada ce, ɗigo ɗaya. Cakulan, albasa, tafarnuwa da duk abin da ke da sinadarin kafeyin, babu su sam. A riƙa ɗora su a sikelin kicin duk sati. Mai ƙiba ba ta shawagi, faɗowa take yi.

Farce a rage tsininsa kawai duk sati biyu zuwa uku. Yatsu biyun nan da suke manne a ƙafar baya na taje gashi ne, a bar su. Kada a ɗaura mata igiya ko ɗamarar yawo, tana yaga fatar shawagi. Kada a kamo ta da jela.

Mai ɗinkin jakunkunan barci:
Dokta ta tuna min da tufafi. Riga mai santsi, siliki ko shadda mai sheƙi, za ta sauka ta zame. Suwaita mai manyan ramukan saƙa kuma tana riƙe farce, ta finciko ta ji ciwo a yatsa. Yadin filis, mai laushi kamar bargo, ya fi, ba ya zare, ko auduga mai kauri. Ware riga ɗaya don horo, kada ka fesa mata turare.

Sauka a fuska kuwa kusan kowa sai ya gamu da shi, don fuska ce mafi tsawo a jikinka. Sa tabarau, ka riƙe lada a ƙirji, ka ɗaga damtse a gaban haɓa ya zama shi ne abin sauka. Idan ta sauka a fuska, ka zare ta a hankali, babu lada, babu tsawa.

Tsohon mai kiwo, Hustan:
Kafin a fito daga tanti zuwa ɗaki: fankar sama a kashe ta ta tsaya cak, murfin masai a rufe don ba sa iya fita daga ruwa, bokiti a kife, mage a waje, ƙasan ƙofa a toshe da tawul. Haske kaɗan, jan ƙwan lantarki ya fi, farin haske mai ƙarfi yana sa su maƙale a lungu. Ɗaki mai sanyin na'ura ma yana kashe musu jiki, wajen digiri 24 zuwa 27 suke walwala. Labulen da kake kuka da shi, naɗe shi sama na sati biyu, ya zama babu abin sauka mai kyau sai kai.

Tunda biyu ne, za ka ga ɗaya ta fi ƙarfin hali. Fara da ita, ɗayar tana kallo daga saman keji, yawanci takan biyo bayan 'yar'uwarta. Amma kowace da ladarta a hannu daban, in ba haka ba mai ƙarfin halin za ta cinye duka, mai jin kunyar ta ga babu riba. Idan kira ya zauna, ka fara tsallake lada sau ɗaya cikin uku, a madadinta ka buɗe mata jakar ƙirji ta shige. Wasu a sati biyu suke kai mita biyu, wasu sai wata uku, akwai kuma wadda iyakarta ta gangaro ta ƙafar wandonka ta hau kafaɗa, kuma lafiyarta ƙalau. Yau da dare ka fara da ƙyallen nan.