Neman kalma: me za mu kira "noble gas" da "dimer" da Hausa?

Mai tambaya: Malamai, a taimaka da kalmomi biyu. Na farko sunan iskokin rukuni na 18: hiliyom, niyon, argon, kirifton, zinon, radon. Na biyu, ƙwayar zarra biyu iri ɗaya idan sun manne, kamar Ar₂ (ƙwayar zarrar argon biyu). Na ga ana rubuta "iska mai daraja" da "iska marar haɗuwa".

Amsa ta 1: Malam, a bar "marar haɗuwa". Tun 1962 Neil Bartlett ya haɗa zinon da wani sinadari. "Mai daraja" kuma ba ta faɗa wa ɗalibi komai. Ni na fi son "ƙosassun iskoki", domin zoben elektiron ɗinsu na waje a cike yake.

Amsa ta 2: Na yarda da ƙosassu. Ga ɗayar kuma, "tagwai" ta zauna. Amma dole a raba tagwai kala uku, domin halinsu a cikin zafi ya sha bamban.

Ar₂ tagwai ne sakakke. Ƙarfin riƙonsa kusan 0.012 eV (ma'aunin kuzari a matakin ƙwayar zarra) ne kacal, alhali kuzarin zafi a 300 K (ma'aunin zafi na Kelvin, wato kusan zafin ɗaki) ya kai 0.026 eV, don haka yawancinsu a rabe suke tun kafin a ɗora wuta. Ar₂⁺, wanda ya rasa elektiron ɗaya, riƙonsa ya kai kusan 1.3 eV. Ko a 10,000 K kuzarin zafi 0.86 eV ne, shi ya sa ake samunsa cikin filasma, wato iska mai tsananin zafi da ke ɗauke da caji. Masu auna sinadarin siliniyom da ICP-MS, na'urar da ke tantance sinadarai ta nauyinsu cikin filasmar argon, sun san wahalarsa: nauyinsa 80, daidai da siliniyom-80, sai ya ɓata sakamako.

Na ukun shi ne Ar₂*, wanda ke riƙe kawai muddin yana a zuge, wato yana ɗauke da ƙarin kuzari. Da ya saki haske mai tsayin zango 126 nm (nanomita) sai ya watse.

Amsa ta 1: Malama ta yi daidai, kuma lissafi ma ya nuna hakan. Wanda ya ɗauki tagwai sakakke kamar sanda mai juyawa da sifirin mai rawa, yadda aka saba yi a lissafi, zai sami ƙarfin ɗaukar zafi ba daidai ba a zafi mai tsanani. Matakan rawarsa 'yan kaɗan ne, sai an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya daga ramin kuzarin da ke riƙe ƙwayoyin biyu, a tsaya inda riƙon ya ƙare.

Mai tambaya: To an tsaya: ƙosassun iskoki, tagwai sakakke, tagwai mai caji, tagwai zugagge. Allah ya saka da alheri.