Zazzaɓin yayana ya ƙi jin magani, ina ake gwajin PCR na cutar bakkale?

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji, ku taimaka mana da shawara.

Yayana makiyayi ne, ya daɗe yana fama da zazzaɓi mai tafiya ya dawo. Da daddare gumi sharkaf har sai an canja masa riga, ga ciwon ƙugu da gwiwa. Maganin maleriya da na taifot duk ya sha, babu sauƙi. Shanunsa sun yi ta ɓari bana, kuma da hannunsa yake cire mahaifa, madarar ma ɗanya yake sha. Shi ya sa likita ya zargi bakkale, wato burusela.

An shuka jininsa a ɗakin gwaji don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, ba abin da ya tsiro. Likitan ya ce Brucella, ƙwayar da ke kawo bakkale, jinkirin tsiro gare ta, musamman ga wanda ya riga ya sha magani, don haka a nemi PCR, gwajin da ke gano ƙwayoyin halittarta (DNA) kai tsaye.

To ina ake yinsa a Arewa? Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana karɓar jinin mutum, ko na dabba kawai? Magungunan da ya sha za su iya ɓoye ƙwayar a PCR ɗin ma? Ba ma so ya fara shan magungunan bakkale, doxycycline da rifampicin, na mako 6 bisa zato, ga shi kullum ramewa yake.