Wai haske zai tace mana ruwan kogi?

Zauren WhatsApp na dangi, Yamai, bayan sallar isha'i.

Auta: Salamu alaikum. Na ga bidiyo ana jan ɓurɓushi cikin ruwa da hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa. To ruwan kogi da ke yin ja da damina, me zai hana a haska shi, laka ta koma gefe, a huta da sayen alam?

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, ranar Afirilu ta Yamai ta taɓa ture ko da tsinke? Haske ba shi da hannu.

Mushe: Kawu, ranka ya daɗe, yana turawa, ƙarfin ne bai taka kara ya karya ba. Arthur Ashkin, masanin kimiyya a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, ya tura ƙananan ƙwallaye cikin ruwa da leza a 1970. A 1986 shi da abokan aikinsa suka riƙe ƙwallo wuri guda da haske ɗaya tak. A kan haka ya samu rabin kyautar Nobel ta 2018, yana da shekara 96.

Kawu: Turawa na ji. Riƙewa kuma fa? Abin da ke ingiza ka gaba ba ya riƙe ka.

Yaya Babba: Nan ne daɗin abin, Kawu. Ƙwallon yana lanƙwasa hasken da ya ratsa shi, kamar gilashin tabarau. In ya karkatar da haske hagu, shi sai a ingiza shi dama, kamar yadda kwalekwale ke ja baya in mutum ya yi tsalle zuwa gaɓa. Idan aka tsuke hasken ya zama ɗigo, duk inda ƙwallon ya kauce sai a maido shi tsakiya. A 1987 har ƙwayoyin bakteriya masu rai Ashkin ya kama.

Kawu: Ni dai zafi nake zargi. Ganyen shayi ma yawo yake a buta.

Yaya Babba: Ba ka faɗi ƙasa ba. Ɓurɓushin zinariya yana shan haske ya ɗumama ruwan kewayensa, bambancin zafin kuma yana motsa ƙwayoyi. Wasu masu bincike da gangan suke amfani da shi. Amma ƙwallon gilashi kusan ba ya shan haske, kuma ana riƙe shi.

Auta: To maganata ta tabbata ke nan.

Mushe: A'a, ƙanena. Ga ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, abin da wuya. Ƙwaya in ta ragu sau goma, riƙon haske a kanta yana raguwa kusan sau dubu, ga ruwa yana ta bugunta ba hutu, rawar nan da masanin tsirrai Robert Brown ya gani a 1827. Ƙarƙashin madubin bincike ake yi, cikin ɗigon da bai cika farce ba, ɗaya-ɗaya ko 'yan kaɗan. Kai kuma jarka kake magana.

Yaya Babba: Ruwa mai laka ma watsa hasken zai yi kafin ya tsuke.

Auta: Yau ne ba a iya ba. Waya ma da igiya ta fara.

Kawu: Mushe, ran Juma'a ka taho da littafin. Kwalekwalen Yayarku bai gama shiga kaina ba.