Wane dodon koɗi ya dace da tankin gilashi a Sakkwato?

Maman Yara, Arkilla: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gansakuka ta rufe gilashin tankina, lita 60 ne, ƙananan kifayen ado da ake kira gupi ke ciki. An ce dodon koɗi na cinye ta. Wane iri zan saka, kuma yaya ake yi su hayayyafa? Yaron maƙwabta ya ce zai tsinto min a bakin gulbin Rima.

Malamin Lafiya, Gawon Nama: Wa alaikumus salam Hajiya. Don girman Allah ki hana shi. Dodon koɗin gulbi da na fadama shi ke ɗauke da tsargiya. Akwai Bulinus, mai kawo wadda ake fitsarin jini, akwai Biomphalaria, mai kawo ta hanji. Tsutsar na fitowa daga jikinsa ta yi iyo cikin ruwa, ta huda fatar mutum ta shiga, ba sai an sha ruwan ba. Ke da za ki riƙa sa hannu a tanki, ga yara a gida. Shi kansa yaron, shiga ruwan haɗari ne gare shi.

Ɗalibi, Dundaye: Gaskiya ne Malam. Abin da ke ruɗa mutane shi ne Biomphalaria ya yi kama sosai da wani dodon koɗi da ake kira mai ƙahon rago, wanda ake sayarwa don ado. Da ido ba za ki bambance ba, Mama. Ki karɓa daga wanda aka ƙyanƙyashe su a tankinsa, domin cutar ba ta bi ta ƙwai zuwa ga 'ya'yan.

Mai Kifi, Mabera: Hajiya, in gansakuka ce damuwarki, irin dodon koɗin da ake kira nerayit za ki nema. Biyu ko uku sun ishi lita 60, kuma ba sa taɓa tsirrai. Sai dai ba za ki samu 'ya'ya ba. Za ki ga fararen ƙwai kamar riɗi manne da duwatsu, amma 'ya'yan sai a ruwa mai ɗan gishiri suke rayuwa. In kiwo kike so, wani irin ne da ake kira misteri. Shi akwai mace akwai namiji, don haka ki sayi biyar ko shida ki tabbata an samu duka. Macen kan fito da dare ta ajiye curin ƙwai a saman ruwa, jikin gilashi ko murfi. Ki rage ruwa a bar sarari kamar santimita 8. Sati biyu zuwa huɗu su ƙyanƙyashe. Curin in ya faɗa ruwa ya lalace, in ya bushe ma haka, kuma nan ne hunturu ke yi mana ɓarna. Ki rufe tankin da kyau don laima ta zauna ciki, murfin kuma zai hana su fita yawo.

Maman Yara, Arkilla: Na gode ƙwarai. To zafin bazara fa? Ɗakin nan sai ka ce murhu.

Mai Kifi, Mabera: Sun fi son digiri 22 zuwa 28, mu kuwa Afrilu iska na haura 40. Ki kau da tankin daga taga, ki ajiye shi ƙasa-ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi. Fanka ƙarama mai caji ta riƙa busa saman ruwa, in abin ya tsananta ki jefa gorar ƙanƙara a rufe. Ruwa zai riƙa ƙafewa, ki ƙara kaɗan-kaɗan. Na famfo sai ya kwana a buɗe tukuna saboda kulorin.

Alhaji, Runjin Sambo: Ban ji an yi maganar ɓawon dodon koɗin ba. In kin ga ya fara fari yana zaizayewa, ruwan ya yi tsami ko ba shi da kalsiyam. Ni ɗan dutsen farar ƙasa na wajen Kalambaina nake wankewa in saka, ba siminti ba, ba kuma wadda aka ƙona ba. Ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka shi ma yana yi. Abinci kuwa alayyafo, kabewa ko karas, a ɗan sulala, abin da ya rage a cire da safe. Sannan duk maganin kifin da ke da sinadarin tagulla kashe su yake yi, ki karanta jikin kwalba.

Ɗalibi, Dundaye: Kar a haɗa su da tarwaɗa, cinye su za ta yi. Wanda kuma ya daɗe bai motsa ba a ɗaga a shinshina, mushe ɗaya na ɓata ruwan duka.

Manomi, Wurno: Ni roƙo gare ni, 'yan uwa. In sun yi muku yawa kar ku zubar a kwata ko fadama. Misteri na da ɗan uwa mai ƙwai ruwan hoda mai haske, Pomacea canaliculata, yana cin dashen shinkafa tun tana ƙarama. Ya yi ɓarna a Filifin, kuma a 2020 an tabbatar da shi a gonakin Mwea na Kenya. Masu sayarwa ba kullum suke bambance su ba. Curin da ba ku so, ku murƙushe shi.

Mai Kifi, Mabera: Haka za a yi, Baba. Hajiya, ina da 'ya'yan misteri da suka kai girman gyaɗa, haihuwar tankina. Ki aiko yaro bayan La'asar ranar Asabar da roba mai murfi, a huda murfin.

Maman Yara, Arkilla: Allah ya saka da alheri, zai zo in sha Allah. Nerayit ɗin fa, wa ke da shi a cikinku?